Mai Shara da Allon Yaya

Kamfanin na aika kaya ne daga gari zuwa gari, kuma na yayanta ne. Shi ya kafa shi shekara goma sha huɗu da suka wuce, da babur biyu da wata kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya, wadda a kanta ya rubuta manhajar karɓar kaya da hannunsa. Yanzu motocinsu sun haura arba'in, shi kuwa ya daɗe da barin rubuta manhaja, ya koma sa kwat da zaman mitin. Ma'aikata Oga suke ce masa. Ita kaɗai ke ce masa Yaya, shi kuma ko a gaban baƙi Auta yake kiranta, duk da shekarunta talatin da bakwai da 'ya'yanta uku, duk da kuma ita ke riƙe da rumbun bayanan kamfanin kaf.

Ofishinta wani ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, tagarsa ɗaya, tana kallon bangon gareji. Su biyu ne a ciki, ita da Dogo mai kula da na'urori da wayoyi. Dogo ba shi da wani tsawo na a-zo-a-gani. Tun a makaranta aka laƙaba masa sunan don tsokana, ya bi shi har furfura. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta lambar kowace na'ura da ke haɗe da layin ofishin, kuma ya fi yarda da littafin nan a kan kowace kwamfuta.

Matsalar ba rana ɗaya ta faɗo ba. Tun wajen wata biyu masu karɓar kaya a kanta suke ƙorafi. Sai su buga lambar rasit su zauna suna kallon ɗan zoben jira yana juyawa a fuskar kwamfuta, mai kaya yana kallonsu. Da farko daƙiƙa biyu ne, ya zama biyar, ya zama sai an gaisa an tambayi iyali kafin bayani ya fito. Ma'ajin babbar kwamfutar, wadda suke kira saba, shi ma yana ta cika kamar ana yi masa ɗura.

Rumbun nasu yana da wata ɗabi'a. Duk sa'ad da kaya suka motsa, an karɓa ne, an loda ne, sun isa tasha ne, ba ya goge tsohon layin bayanin. Sabo yake rubutawa a gefe, ya bar tsohon kwance. To akwai wani ɗan shiri a cikin rumbun da ke bin baya a hankali, yana kwashe matattun layukan don a sake amfani da gurbinsu. A ɗakinsu mai shara suke ce masa. In mai shara ya yi sanyi, teburin bayanai ya kumbura, kowace tambaya sai ta tsallake matattu dubu kafin ta tarar da mai rai. Sai dai duk lokacin da Auta ta leƙa, za ta gan shi yana aiki ba hutawa. Sai ta ɗora laifin a kan sabon kwastoman da suka samu, wani babban kanti mai sayar da kaya ta waya, wanda ya kusa ninka musu aiki.

Ranar Litinin Yaya ya kira ta ofishinsa a sama.

"Auta, zauna. Sabar nan ta tsufa. Ranar Alhamis wakilin masu sayar da na'ura zai zo, za mu ɗauki sabuwa, babba."

"Yaya, shekararta uku fa."

"To? Wayata shekararta biyu, har ta fara tari."

"Ba laifin saba ba ne. Fiye da rabin abin da ke cikin ma'ajin shara ce. In ka sayi babba, fili kawai ka ƙara wa bola."

"Wa ya hana a share?"

"Ana sharewa. Ba ya isa ne."

Ya cire tabarau ya goge da bakin nektayi, abin da yake yi in yana so a tuna shi ne babba. "Lokacin da nake riƙe da rumbun nan ni kaɗai, ban taɓa jin labarin wani mai shara ba."

"Lokacin kaya talatin kuke aikawa a rana, Yaya, kuma rabi na Umma ne."

Bai yi dariya ba, amma gefen bakinsa ya motsa. Ya ce ya ba ta zuwa Alhamis. In baƙo ya iso ɗan zoben yana juyawa, ba zai ƙara sauraron kowa ba.

Da safiyar Talata ta zo da ƙarfinta. Masu shara uku rumbun yake saki a lokaci guda, ta mai da su goma. Akwai kuma wani birki da ke sa su ɗan tsaya bayan kowane 'yan shafuka don kada su tare wa masu aiki hanya. Shi ma ta cire.

Dogo ya leƙo ta saman kofin shayinsa. "Injiniya, ba kya fara da biyar ba?"

"Jibi Alhamis, Dogo."

"Ai shi ke nan. Ni dai zan rubuta a littafi cewa na yi magana."

Zuwa ƙarfe goma sha ɗaya fitilar ma'ajin saba ta daina ƙiftawa, ta tsaya cak a kunne. Masu shara goma sun taru a kan ma'aji ɗaya suna turereniya, ba su wuce ba, ba su bari wani ya wuce ba. A ƙasa layin mutane ya fita ƙofa ya kai bakin titi. Direbobi suka jingina da motoci suna jiran takardar hanya. Wata mata da ta kawo keken ɗinki za ta aika wa 'yarta ta zauna a kan kwalin, ta ce ba inda za ta sai an ba ta rasit. Auta ta mayar da komai yadda yake, amma kafin layi ya ragu an ji takun Yaya a baranda.

Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya. "Wannan shi ne gyaran?"

"Gwaji ne."

"Garin gyaran gira," ya ce, ya juya bai ƙarasa ba.

Dogo ya jira takun ya yi nisa, sannan ya ce a hankali, "Ido ake rasawa," wai ko ba ta san ƙarshen ba.

Da yamma ta biya gidan Yaya, inda mahaifiyarsu take zaune a sashenta. Ta tarar da Umma a kan kujerar roba a bakin ƙofa, tana warware zaren saƙa da ya cukurkuɗe.

"Yayanki ya ce kin tsayar masa da kamfani."

"Minti ashirin ne, Umma."

"Shi ya ce rabin yini."

"Ke ma kin san ɗanki. Kifin da ya kama yana ɗan shekara goma har yau girma yake yi."

Umma ta yi dariya, ta miƙa mata bakin zaren ta riƙe. "Ki dai riƙa binsa a hankali. Shi babba ne, kuma abin nan ya shiga ransa. Kwanaki har ɗaukata ya yi a mota bayan an tashi daga aiki, ya kai ni ƙofar ofishinku, wai in ga allon nan nasa ta gilashi. Lambobi suna ta hawa. Ban gane komai ba, amma na ce masa ya yi kyau."

Kowa a kamfanin ya san allon. Wani faffaɗan allo ne a bangon ɗakin karɓar baƙi, yana nuna kayan da aka karɓa yau, da waɗanda ke hanya, da waɗanda suka isa, ga wata 'yar mota shuɗiya tana ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan. Ita ce manhaja ta ƙarshe da Yaya ya rubuta da kansa, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma duk baƙon da ya shigo sai an tsayar da shi a gabanta. Auta ba ta mai da hankali ga zancen ba. Hankalinta yana can wajen masu shara goma da kunyar da suka ba ta.

Ranar Laraba ba ta taɓa komai ba. Ta yi abin da ya kamata ta yi tun farko: ta kunna rahoton da mai shara ke rubutawa bayan kowane zagaye, ta zauna jiransa. Sai bayan azahar ya fito. Zagayen babban teburin kaya ya ɗauke shi awa shida. Ya duba shafi miliyan goma sha ɗaya. Layukan da ya kwashe: sifili. A ƙasa kuma ga wani bayani: matattu miliyan ɗari biyu da sittin, an gan su, ba a iya kwashewa ba tukuna.

"Dogo, zo ka ga wanda ya yini yana shara bai ɗaga ko tsinke ba."

Dogo ya jawo kujera, ya karanta da yatsa. "Me ya hana shi?"

"Ladabi," ta ce, ta shiga yi masa bayani. Duk shirin da zai taɓa rumbu sai ya buɗe aiki, ya yi abin da ya kawo shi, ya rufe. Muddin akwai aikin da ke buɗe, mai shara ba zai taɓa duk abin da ya mutu bayan buɗewarsa ba, don kada mai aikin ya waiwayo ya nema ya rasa. Yawancin ayyuka ba sa kai ƙiftawar ido, shi ya sa ba a jin su. "Amma akwai wanda ya buɗe ya manta. Bari mu ga ko waye."

Ta jero ayyukan da ke buɗe, tsoho a sama. Na biyu a jerin daƙiƙarsa huɗu. Na farko kwanansa casa'in da huɗu.

Dogo ya yi ɗan fito. "Wannan ai ya isa a yi masa aski."

Sunan da aka shiga da shi wani tsohon suna ne da kusan kowa ya taɓa amfani da shi a da, bai nuna kowa ba. Sai lambar na'urar, wadda ta ƙare da goma sha huɗu. Dogo ya buɗe littafinsa da tinƙaho, ya lashi yatsa. Goma sha uku firintar sama ce. Goma sha biyar kyamarar bakin get. Tsakaninsu babu komai.

"Duk abin da ba ya cikin littafin nan, ba ya cikin ginin nan," ya ce.

"To aljani ne ya buɗe aikin."

Abin takaici, na'urar ba ta waya ta haɗu ba, ta iska ce, balle Dogo ya bi wayar har gindinta. Suka ƙare yinin suna bi tebur-tebur suna duba lambobi. Binciken ya tono abubuwan da ba su suke nema ba. Shugaban direbobi tun kafin a tambaye shi ya amsa cewa da layin ofis yake kallon ƙwallo. Aka gano wata kwamfuta a sito, ba wanda ya san mai ita, an ɗora mata tukunyar fulawa. Amma goma sha huɗu ba ta fito ba.

Da safiyar Alhamis Auta ta yanke shawara. Daga kujerarta tana iya katse aikin, ko ba ta san mai shi ba.

"In mai shi yana raye, zai yi kuka, mu ji daga inda kukan ya fito."

"In kuma na ƙofar gareji ne, motoci suka kasa fita?"

"Sai ka rubuta a littafi cewa ka yi magana."

Ƙarfe goma da minti ashirin ta buga umarnin. Aikin ya ɓace daga jeri. Suka yi shiru suna sauraron gini. Minti ɗaya ya wuce, ba abin da ya faru. Dogo ya ɗaga kofi zai kai baki, sai wayar tebur ta yi ƙara. Sakatariya ce, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Injiniya, allon Oga ya mutu. Kuma yana tsaye a gabansa da baƙo."

Suka sauka da sauri. Allon ya yi fari fat, babu lamba, babu mota, sai wani ɗan rubutu a kusurwa kamar tururuwa. Yaya yana tsaye hannunsa a ɗage, da alama yana cikin nunawa abin ya ɗauke. Kusa da shi ga wakilin masu na'ura, wani mutum mai takalmi kamar madubi, rungume da fayil.

"Ka gani ko, ranka ya daɗe?" in ji wakilin, cikin muryar ta'aziyya. "Haka tsufan saba yake farawa."

Dogo ya jawo kujera ya hau, ya leƙa bayan allon. A can ya tarar da wata 'yar kwamfuta kamar sabulun wanka, an manna ta da salatif, ƙura ta yi mata bargo. Ya goge takardar da ke jikinta da babban yatsa, ya karanta, ya juyo ya dubi Auta. Ya ɗaga yatsa ɗaya, sannan ya ɗaga huɗu: goma sha huɗu ta fito.

Auta ta matsa kusa da sakatariya. "Wa ke kashe allon nan in an tashi?"

"Da ni nake kashewa kullum, daga soket. Wata uku da suka wuce Oga ya ce a bar shi kunne dare da rana, masu wucewa su riƙa gani ta gilashi."

Shi ke nan, magana ta haɗu. Shekara goma sha ɗaya manhajar tana buɗe aiki da safe ba ta rufewa, hannun sakatariya ne yake rufe mata da yamma ba tare da kowa ya sani ba. Ranar da aka hana hannun, ranar mai shara ya fara yawon banza.

Maganar tana kan harshenta, a shirye, har da gishirinta. Ga wakili a tsaye, ga "garin gyaran gira" tun shekaranjiya tana yi mata ƙaiƙayi. Sai ta dubi fuskar Yaya. Yana kallon farin allon kamar uban da ɗansa ya manta karatu a gaban taro.

"Ni ce na taɓa wani abu, Yaya," ta ce. "Yanzu zai dawo."

Dogo ya zare wayar wuta ya mayar. 'Yar motar ta fito ta ci gaba da tafiya. Yaya ya ce wa baƙon, "Ƙanwata ce, tana son gwaje-gwaje," ya ja shi suka hau sama.

Da suka koma ɗaki suka tarar mai shara ya samu sake. Tsohon aikin da ya ɗaure masa hannu ya tafi, sabon da allon ya buɗe bai kai minti goma ba, don haka duk abin da ya taru a baya ya halatta. Kafin lokacin cin abinci ya kwashe layi miliyan arba'in. Auta ta zauna tana kallon lambar tana hawa, ita ma kamar Umma a gaban gilashi, sai dai ita ta gane.

Bayan baƙo ya tafi, ta ɗauki kwamfutarta ta hau sama, ta rufe ƙofa. Ta faɗa masa tiryan-tiryan, ba ƙari ba ragi.

"Allona?" ya ce. "Auta, shekara goma sha ɗaya allon nan yana aiki, ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Yau da kika taɓa shi ne ya fara."

"Ka tuna wani ɗan tebur da ka yi, wai ya riƙa rubuta duk lokacin da aka kunna allo?"

"Ƙwarai kuwa. Tsari ne mai kyau. Ba kowa ke tunanin irin wannan ba."

"Layi nawa kake jin yana ciki yanzu?"

Ya ɗaga kai yana lissafi. "Kullum sau ɗaya, ban da ranakun hutu. Dubu uku da wani abu."

Ta juya masa kwamfutar. Teburin ga shi da sunansa, ga kan layuka, ƙasa kuwa wayam. Manhajar takan buɗe aiki ta rubuta layin, amma tunda ba ta rufewa, duk sa'ad da aka kashe soket sai rumbu ya ɗauka an fasa, ya watsar. Ko layi ɗaya bai taɓa zama ba.

Yaya ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau, amma wannan karon bai goge ba, ya ajiye a kan tebur.

"Wa ya sani?"

"Ni da Dogo."

"Dogo," ya maimaita, kamar wanda aka gaya wa sunan cuta.

"Ya ce wannan ba zai shiga littafi ba."

Ya yi ajiyar zuciya. "Kuma kika ce ke kika taɓa."

"Ai ni na taɓa."

Ya tura mata kwamfutar. "To ki gyara."

Aikin minti biyar ne a wurinta, ta sani. Amma ta tuna tana 'yar shekara goma sha biyar, tun kafin a kafa kamfani, a gaban kwamfutar nan mai ƙeya, yana tsaye a bayanta da biro, duk bakan da ta buɗe a rubutu ba ta rufe ba sai ya ƙwanƙwasa mata a yatsa.

"A'a, Yaya. Wanda ya buɗe shi ke rufewa. Kai ka koya mini, har yanzu yatsana yana tunawa."

Ranar Asabar da safe, ofis ba kowa sai masu lodi a gareji, ya zo da 'yar riga mai gajeren hannu, ba kwat ba nektayi. Dogo ya sauko da 'yar kwamfutar, ya hure ƙurar, ya haɗa mata kibod. Kalmar sirri ta ci musu rabin awa. Yaya ya gwada sunan matarsa, ya gwada sunan babban ɗansa, ya gwada lambar babur na farko. A ƙarshe ta zama sunan wata kyanwa da suka yi a gida tun Auta tana firamare.

Da farko da yatsa biyu yake bugawa, yana neman haruffa kamar mai tsintar allura. Can sai hannun ya fara tunawa. Ya riƙa gangarawa cikin rubutunsa yana gyaɗa kai, wani wuri ya ce, "Kai, wannan dabara ce," wani wuri ya yi shiru ya wuce da sauri. Auta tana tsaye a bayansa da biro a hannu.

Shi ya gano wurin da kansa. Ƙarƙashin layin da ke buɗe aiki akwai wata 'yar tunatarwa da ya rubuta wa kansa a wancan zamani: a rufe wannan gobe.

Dogo ne ya fara fashewa. Yaya ya harare shi, ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi. Ya yi dariya har yana share ido da bayan hannu.

"To ai goben ce ta zo," ya ce.

Ya ƙara kalma ɗaya. Aka kunna, allo ya ƙi tashi, don ya manta wata 'yar alama a ƙarshen layi. Auta ta ɗaga biro, ya janye hannunsa da sauri, ya gyara. Motar ta fito. Ta buɗe ɗan teburin, sai ga layi ɗaya a ciki, da kwanan wata da lokaci. Yaya ya ciro waya ya ɗauki hotonsa.

Sauran aikin nata ne, kuma ya ci mata kusan wata guda, don wannan karon da kaɗan-kaɗan ta bi. Ta yanka wa babban teburin kaya dokarsa daban: mai shara ya riƙa zuwa da zarar matattu sun ɗan taru, ba sai sun kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ta mai da masu shara huɗu, ba goma ba. Birkin ta ɗaure shi da rana, ta sassauta bayan an rufe kanta. Ta raba teburin wata-wata, yadda kayan da suka isa tun bara za su kwanta a wurinsu, ba mai sake bi ta kansu. Sannan ta sa duk aikin da ya wuce awa ɗaya a buɗe, wayarta ta yi ƙara. A makon farko sau uku ta yi, duka ukun na shugaban direbobi ne, wanda yakan buɗe rahoto ya tafi cin abinci.

Zagayen da ke cin awa shida ya dawo minti goma sha ɗaya. Ma'aji bai rame nan take ba, don guraben da aka share a ciki suke, sabon kaya ke cike su, amma ya daina ƙiba. A kanta kuwa sabon ƙorafi ya taso: wai yanzu kafin a ce ina kwana rasit ya fito, ba a samun damar gaisawa da mutane. Wakilin masu na'ura ya bugo waya sau huɗu. A na huɗu Yaya ya ce masa injiniyarsu ta duba, sabar tana da sauran shekaru. Sakatariya ce ta kawo wa Auta labarin, ta ce da kunnenta ta ji, "injiniyarmu" ya ce.

Sai dai gyaran ya zo da nasa ciwon. Tun ranar Asabar ɗin nan hannun Yaya ya fara ƙaiƙayi. Kullum bayan mitin ɗin safe sai ga shi a ɗan ɗakinsu, ya tsaya a bayansu yana ba da shawara. Da ya ga tsayuwa ba ta yi, ya sa aka sauko masa da kujera daga sama, ɗaki ya ƙara matsewa, Dogo sai ya karkace kafin ya kai hannu ga butar shayi. Rannan ya ce yana so a buɗe masa suna a rumbun, zai sake rubuta allon daga farko, har da taswira.

Dogo ya dubi Auta da idon wanda ruwa ya ci. Ita kuwa ta ce, "An gama, Yaya." Ta buɗe masa suna, amma a kan kwafin gwaji, wanda komai nasa iri ɗaya ne da na gaske, sai dai ko an ƙone shi ba abin da zai samu kanta. Ba ta gaya masa ba.

Mako uku yana zuwa yana bugawa, yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Wata rana da hantsi, Dogo ya fita duba kyamarar get, Yaya ya yi magana idonsa a kan kibod.

"Auta, na san kwafin gwaji kika ba ni."

Ta tsaya da abin da take yi. Ta fara haɗa bayani a ranta, wanda zai fita da ladabi.

"Bar shi haka," ya ce. "Jiya na goge tebur guda."

"Wanne?"

"Na direbobi. Gaba ɗaya." Ya gyara zaman tabarau, ya matso da kujera. "Zo ki nuna mini yadda ake dawo da shi kafin mutumin nan ya shigo."